Rigar Abba a Wuyan Karen Maƙwabciya

Kanwa aka fara raba ni da ita a ƙasar Maleshiya. Wata yarinya mai kaki a filin jirgi ta kwance ƙullin, ta shinshina, ta kira 'yar'uwarta, suka tsaya suna kallona kamar na ɗauko ƙwaya. Na ce musu ta kunu ce, 'yata ta haihu, jego na zo. Turancina na yaƙi da jahilci ne, sai da na aurar da 'ya'ya uku na shiga aji, amma ya ishe ni in ce abu nawa ne. Suka yi ta murmushi, suka ajiye kanwar a bayansu. Tun daga nan na sa wa raina cewa mutanen nan da murmushi suke ɗauke abin mutum.

Auta ce ta haihu. Ita da mijinta duk karatu ya kai su Kuala Lumpur, suna haya a saman wani gida a Sri Petaling. Gidaje ne a jere, bango ɗaya, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe da ɗan filin ajiye mota. An sa wa yaron sunan maigidana marigayi, don haka Abba ake ce masa, ni kuwa angona.

Kwarashi na riƙe tun kafin in san yadda ake riƙe biro. Tun cikin yana ƙarami na saƙa masa hula da safa da 'yar riga marar hannu, ruwan ganye, a tsakar gidana a Funtuwa. Ranar suna na sa masa rigar. Kafin la'asar ya jiƙe da gumi, ƙuraje suka feso masa a wuya.

"Inna, nan fa ba a sanyi," in ji Auta. "Ko a watan sanyi ba a yi."

"To ni na ce a yi zafi?"

Na wanke kayan na shanya a ƙarfen baranda. Ban san halin garin ba tukuna. Rana tana tsaka sai sama ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da na fito kwashewa na tarar da hula da safa, babu riga. Na sauka na duba kwata, na leƙa ƙarƙashin motar masu gidan, har bola na tona. Auta ta ce in bari, ai ba sa masa za a ƙara yi ba. Ni ba ulun nake ji ba. Rigar da jariri ya yi gumi a cikinta ba a barinta a hannun da ba a sani ba, kuma wanki ɗaya ba ya fitar da mai riga daga rigarsa. Ƙaramar yarinya a garinmu ta san wannan.

Daga nan Abba ya fara. Ya kama nono ya saki, ya yi kuka, ya sake kamawa ya saki, uwar tana cije leɓe don zafi. Cinyoyin da ya zo da su suka yi yaushi. Kullum in na ɗaga shi daga ruwan wanka sai in ji ya fi jiya rashin nauyi.

Maƙwabciyarmu ta hannun dama 'yar Caina ce, irin waɗanda aka haifa a nan, ta kai sa'ata, ita kaɗai a gida. Anti Mei suke ce mata. A jikin bangonta akwai wani ɗan akwati ja da take kunna wa tsinken turare da safe, ta ajiye masa lemo. Tana da kare, Kopi sunansa. Ya yi kama da karnukan mafarauta na wajenmu, sai dai kamar an kama shi an ja. Tsayinsa ya kai ƙuguna, kai siriri, haƙarƙari duk a waje, ciki a manne da baya. Ban taɓa jin ya yi haushi ba. Sai dai ya tsaya a bayan ƙofar ƙarfe ya zuba wa barandarmu ido. Karen da ba ya gadi, ba ya farauta, ba ya ƙiba, me ake ajiye shi ya yi?

Wata safiya na dawo daga shagon kan layi da burodi a hannu, sai ga ta ta fito da shi a igiya. A wuyansa akwai abu ruwan ganye. Saƙata ko a cikin taro na gan ta na san ta. An zura kan karen ta ƙasan rigar ya fito ta wuyanta, ta rufe shi daga kunne zuwa kafaɗa, ramukan hannu biyu suna reto a gefe. Yaro yana ramewa a sama, ga rigarsa a ƙasa a jikin dabbar da ba ta da tsoka ko ta miya.

Na ajiye burodin a kan katanga. Na nuna rigar, na nuna ƙirjina.

"Tawa ce. Ta jaririnmu."

Ta dafe baki. Ta shiga magana da sauri, Turanci haɗe da nasu, kowace magana da lah a wutsiyarta. Abin da na tsinta shi ne wai a kwatarta ta gan ta bayan ruwa, ta ɗauka yasasshiya ce. Ta ɗaga gefen rigar ta nuna mini gyambo a wuyan karen, an shafa masa magani. Wai da ƙafar baya yake sosawa har jini, kuma duk abin da ta sayo ta sa masa sai ya zame ta kai ya faɗi, wannan ce kaɗai ta zauna.

"Ki bar masa har ya warke, Anti. Boleh?"

Boleh a bakinsu shi ne ya yiwu. Na ce ba boleh.

Murmushin ya bar fuskarta, ta kai hannu za ta cire. A nan na tsayar da ita. A wajenmu ba a ƙwatar abu a hannun wanda ake zargi a bar shi da ciwon rai, don abin da zai yi da ciwon ran ya fi wanda ya yi da farko. Sai a rabu da shi yana dariya. Kuma na yi tunani, in dai abin da ya fito daga gidanmu ake so a wuyan karen nan, to a sa wanda gumin hannuna ne kaɗai a jikinsa. Ni na ci zamanina.

"Zan saƙa masa wani," na ce. "Nasa. Sai ki ba ni wannan."

Ta kama hannuwana biyu tana godiya. Na zare, na hau sama na wanke su har gwiwar hannu.

Da mijin Auta ya dawo daga makaranta, Autar ta gaya masa. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, kai a ƙasa, ya gaishe ni.

"Inna, ku yi haƙuri. Matar nan ba ta da matsala. Kare ne kawai mai jin sanyi."

"A garin da jariri yake ƙurajen zafi?"

Can ya ce likita ya ba su ranar komawa da yaron, a jira ranar.

"Ku jira taku," na ce. "Ni zan yi tawa."

Ulun da na zo da shi ragowar na rigar ne, ba zan haɗa su zare ɗaya ba. Aka ce sai kasuwar Chow Kit. Auta tana cikin arba'in, mijinta yana da aji, na ce su rubuta mini sunan tashar da zan sauka in canza jirgin ƙasa, ba sai an raka ni ba. Na zauna kusa da ƙofa, jakata a ƙirji, ina haɗa baƙaƙen kowace tasha tun kafin jirgin ya tsaya. Wata yarinya mai ɗankwali ta tashi ta ba ni wuri a jirgi na biyu. Na zauna, amma na shafa aljihuna.

Chow Kit kasuwa ce ta gaske, ƙarnin kifi, ruwa a ƙasa, kowa da yarensa. A wani lungu na sami mai zare. Na ce auduga nake so, mai laushi, don a kan ciwo za ta zauna. Ya miƙo mini wani mai sheƙi yana rantsuwa auduga ce zalla, yana kirana Mama. Na tsinki ɗan guntu, na ari ashanar mai shayin da ke gefensa na kunna. Zaren ya narke ya dunƙule ya yi baƙi kamar leda. Na ɗora masa a kan teburinsa. Mai shayi ya yi dariya har da buga cinya. Sai ga auduga ta fito daga ƙarƙashin teburin, inda take tun farko. Na zaɓi ruwan toka, kalar da babu mai ita a gidanmu.

Awon farko ban taɓa karen ba. Daga bakin ƙofa na miƙa wa matar zare, ta zagaya wuyan ta ƙulla. Na hau sama na saƙa shi kamar yadda na saba, faɗi ɗaya daga sama har ƙasa, ina yi Abba yana kuka a bayan uwarsa. Da aka sa wa karen, ya sunkuyar da kai sau ɗaya, abin ya sulale ya faɗi a gaban ƙafafunsa. Na tsaya ina kallon rigar jikana tana komawa wuyansa.

Dole na shiga gidan Anti Mei. Na yi bisimilla na sa ƙafar dama. Sanyi ya buge ni kamar na buɗe firji. Ta nuna na'urar da ke bango, ta kwatanta mini da hannu: in ta kashe, karen ya yi ta haki, in ta kunna, ya yi ta kyarma. Na duba kusurwoyin falon. Hotunan yara ne da ba sa nan, da kwalaben magani, da katifa ta musamman a ƙasa, wai ta kare.

Na naɗe hannun rigata. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa hannu a jikin kare ba. Fatarsa ba kauri, kamar ta bayan hannun tsohuwa, ana jin jijiya tana bugawa a ƙasa. Na auna da taƙi. Ashe kansa ya fi wuyansa ƙanƙanta, wuyan kuma yana buɗewa ne har ya kai kafaɗa, kamar tulu a kife. Shi ya sa komai yake zamewa. Bai motsa ba. Ya jingina haƙarƙarinsa da ƙafata da duk nauyinsa, na ture shi, ya dawo.

Da na ɗaga kunnensa don in ga inda saƙar za ta tsaya, sai na ga rubutu. A cikin kunnen, a jikin fata, da shuɗin tawada: lambobi da baƙaƙe. Na ɗaga ɗayan, shi ma akwai. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, ina neman ko akwai harafin sunan Abba a ciki.

"Wa ya rubuta wannan?"

Ta ɗauko waya ta nuna mini. Karnuka irinsa ne a jere da lamba a jiki, suna bin wani tsumma da gudun da ban taɓa gani ba, mutane suna ihu. Ta ce a wata ƙasa ake yi, caca ce. Tun suna 'yan kwikwiyo ake yi musu lamba a kunne. In kare ya tsufa ko ƙafa ta karye sai a kashe shi, sai dai in wasu sun karɓe shi sun nema masa gida. Haka Kopi ya zo hannunta, a cikin akwati, ta jirgi. Ban ce na yarda ba. Ana iya sa komai a waya. Amma na lura tawadar ta tsufa, ta baje cikin fata, ta girmi auren Auta ma balle ɗanta.

Na biyun na fara shi daga sama. Na yi sarƙa daidai bayan kunne, na haɗa bakinta ta zama zobe, na yi baki mai tauri da zai kama kai ya miƙe ya koma. Daga nan na riƙa zagayawa ina ƙara ido kaɗan kaɗan, yana buɗewa kamar siket. Inda zai hau kan gyambon na sassauta hannu don iska ta shiga. Ba don kare na kyautata shi ba. Ba na so a dawo mini da shi a ce a ba da rigar aro kafin a gyara.

Ya zauna daram. Karen ya girgiza kai, ya sunkuya, ya kai ƙafa zai sosa ya fasa. Anti Mei ta tafa hannu, ta naɗe rigar Abba ta miƙo mini da hannu biyu, tana dariya, kamar yadda nake so. Na hau baranda na warware ta zare zare, na karanta abin da na sani, na ƙone ta a gwangwanin madara. Na shiga na ɗauki yaron na ce masa, "Angona, an kwance. Sai ka ci abinci."

Bai ci ba. Washegari ma kukan ya daina fita, sai buɗe baki. Bayan azahar na canza masa ƙunzugu na tarar da shi a bushe tun na safe. Na shafa kansa, maɗiga ta faɗa. Na taɓa ganin wannan sau ɗaya a gidanmu, kuma na san inda ya ƙare.

"Tashi," na ce wa Auta. "Asibiti. Yanzu."

Lokacin ruwa ya riga ya sauko. Layinmu ya zama rafi. Mijinta yana can makaranta, wayarsa tana ta ƙara ba a ɗauka. Auta tana ta danna waya tana kiran mota, duk wanda ya karɓa sai ya fasa. Muka sauko muka tsaya a ƙarƙashin rumfa, yaro a cikin zanena, sai ga ƙofar ƙarfen maƙwabta tana buɗewa. Anti Mei ta leƙo da lema, ta kalli fuskar Auta, ta koma ciki. Ta fito da mota da baya, ta buɗe mana ƙofa.

Auta ta nufi motar. Na riƙe mata hannu.

"Inna."

"Kin san inda za ta kai mu?"

"Inna, ɗana ne. Ko ki shigo ko ki ba ni shi."

Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Na kalli motar. Kujerar baya duk gashin kare, wani jan abu mai tuntu yana reto a madubi. Na kalli maɗigar yaron. Na shiga, ban ba ta shi ba.

Duk hanyar nan bakina bai huta ba, idona kuma yana kan allunan titi. Na san yadda ake rubuta asibiti da boko, na riƙa nemansa ta cikin ruwan da ke zuba a gilashi. Sau ɗaya ta saki babbar hanya ta shiga lungu, na dafa kafaɗarta da ƙarfi. Ta nuna gaba da baki: motoci ne tsaye cikin ruwa har taya. Ta bi ta bayan shaguna, ta hau kan dakali da taya biyu, ta fito, sai ga allon da kibiyarsa. A ƙofar asibiti mai gadi ya ce ba a tsayawa a nan. Anti Mei ta sauke gilashi ta wanke mai gadin tas da yarensu. Wannan ban buƙaci tafinta ba, ya ɗaga mana ƙarfen da kansa.

Aka sa wa Abba ruwa a hannu. Wata likita ta sa yatsa ta ɗaga harshensa, ta kira Auta ta nuna mata. Linzami ne. Harshen a ɗaure yake da ƙasan baki, tun da aka haife shi bai taɓa jan nono ya ƙoshi ba. A gida aikin wanzami ne ya buɗe bakin jariri ranar aski ya duba. A nan uban ne ya aske shi da kansa a banɗaki, da rezar gemu.

Da na fito na tarar da Anti Mei a kan benci, rigarta a jiƙe, da leda a cinya. Ta je ta sayo shinkafa da kaza a ƙunshi. Ta ga ina kallon ledar, sai ta juya ta ta nuna mini tambarin halal da larabci a jiki. Na karanta. Na buɗe na ci loma biyu, na zauna na saurari cikina, sannan na kai wa Auta.

Aka yanke linzamin, abin bai kai ƙiftawar ido ba. Da aka sa shi a nono, daga bakin gado ina jin ƙarar haɗiyarsa. Kafin a yi arba'in wuyansa ya yi ninki biyu.

"Kin gani ko, Inna?" in ji Auta, ranar da muka dawo daga awo. "Likita ce."

"Na gani. Na kuma karɓo rigar."

"Da kika karɓo ai ƙara lalacewa ya yi."

"Da ban karɓo ba kin san ko likitar za ta ɗaga harshen?"

Ta ce Allah ya ba ni haƙuri. Na ce ya ba ta.

Ana gobe zan koma gida, na sauko da Abba ya sha iskar yamma. Anti Mei tana bakin ƙofarta, karen yana bayanta da abinsa ruwan toka a wuya, gyambon ya bushe. Ta matso ta leƙa fuskar yaron. Sai ta miƙo hannu biyu, ta tsaya, ba ta taɓa shi ba.

"Boleh?"

Auta tana baranda tana kallonmu. Na nuna wa matar famfon da ke jikin katanga. Ta je ta wanke hannu da sabulu, ta nuna mini gaba da baya. Na nuna karen, ta tura shi ciki ta rufe ƙofa. Na tofa wa yaron addu'a a ka da ƙirji, a gabanta, ban ɓoye ba. Sannan na ɗora mata shi.

Ta riƙe shi kamar wadda ta daɗe ba ta riƙe ba, tana yi masa wata 'yar waƙa ƙasa ƙasa. Ya kama yatsarta. Ta ɗago ta kalle ni, ta kalli hannuna, ta yi dariya. Ƙafarsa ta hagu tana cikin tafina, kuma har ta gama waƙar ban saki ba.